Tsakanin Ido Biyu da Mafarki: Abin da Ke Faruwa a Mintunan Gyangyaɗi

Duk wanda ya taɓa wuni a gona lokacin cirar gyaɗa zai gane abin da zan faɗa. Ka dawo gida a gajiye, ka ci tuwo, ka yi sallar isha'i, ka miƙe a kan tabarma. Kana rufe ido sai ga gyaɗa a gabanka, ƙwanso-ƙwanso, da ɗanyar ƙasa manne a jikinta. Ba kai ka kira ta ba. Kuma ba barci kake yi ba, domin kana jin hirar da ake yi a ƙofar gida, har kana gane muryar kowa. Ka buɗe ido ta ɓace, ka sake rufewa ta dawo. Ina yaro na ɗauka ni kaɗai ke ganin haka. Sai daga baya na ji direba yana cewa shi kwalta yake gani tana gudu, tela ya ce allura ce ke hawa da sauka, ɗan makarantar allo ya ce baƙaƙe ne ke yawo a idonsa ranar da ya wuni yana rubutu.

Wannan ɗan tsakanin, daga rufe ido zuwa lokacin da barci zai yi awon gaba da mutum, yawanci mintuna ne kaɗan. Amma a cikinsa ana ratsa yanayi uku da ya kamata a rarrabe. Akwai surantawa, wato ka ƙudurta a ranka ka ga fuskar mahaifiyarka ko ƙofar gidanku da idon zuci. Akwai hotunan gyangyaɗi, masu zuwa ba gayyata, irin gyaɗar can. Sannan mafarki, inda ka tsunduma cikin wani wuri ka manta a kwance kake. Da yawa suna ɗaukar ukun nan kamar fitila ɗaya ce da ake ta ƙara wa lagwani, hoton zuci ya yi ta ƙara haske har ya zama mafarki. Abin da na fahimta daga binciken da aka tara a kusan shekara 200 ya saɓa wa haka. Babban abin da ke canjawa shi ne wanda ke riƙe da linzami, da kuma ko mutum ya san hoto yake kallo. Hasken hoton daga baya yake biyowa.

Hoton da ka yi da kanka

A 1880 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya rarraba wa mutane takardar tambayoyi. Ya ce kowa ya tuno teburin da ya karya kumallo a kai da safe, ya faɗi yadda yake ganin sa a zuci: da haske ko dishi-dishi, da launi ko babu. Amsoshin sun ba shi mamaki. Wasu suka ce tamkar abin yana gabansu. Wasu kuwa, ciki har da abokansa masana kimiyya, suka ce ba sa ganin komai, har ma sun ɗauka "gani da idon zuci" salon magana ne kawai. Tun daga nan aka san cewa ba mudu ɗaya aka auna wa kowa wannan baiwa ba.

Idan idonka a buɗe yake, saƙon gani yana tashi daga shimfiɗar da ke can ƙarshen ƙwayar ido, ya bi ta wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, ya isa sashen gani da ke wajen ƙeya. Wajen surantawa kuwa tafiyar juyawa take yi. Umarni ne ke fitowa daga sashen gaba, wajen goshi, ya tono abin da ke ajiye a taskar tunani, ya tayar da sashen gani daga ciki. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka riƙa ɗauka tun shekarun 1990 sun nuna cewa gani da surantawa suna tarayya a wurare da dama, sai dai na surantawa ya fi rauni. Kuma aiki ne mai cin ƙarfi. Gwada riƙe fuskar mutum ɗaya a zuciyarka na minti guda ka gani: da hankalinka ya ɗan karkata, ta narke.

To ta yaya ƙwaƙwalwa ke gane wanda ya shigo ta ido da wanda ta ƙera da kanta? A 1910, a jami'ar Cornell ta Amurka, wata mai bincike, Cheves Perky, ta zaunar da mutane gaban wani allo ta ce su ƙura masa ido su suranta ayaba, ko tumatir, ko ganye. Ba tare da sun sani ba, sai a haska siffar abin daga bayan allon, da haske mai rauni ƙwarai. Kusan dukkansu suka ɗauka abin da suke gani daga zuciyarsu ya fito. Wasu har suka yi mamakin ganin ayabar a tsaye alhali a kwance suka nufa. Wannan ya nuna akwai wani alƙali a cikin kai da ke yanke hukunci: wannan na waje ne, wancan nawa ne. Alƙalin yakan yi kuskure ko da rana tsaka. Shi ne kuma wanda gyangyaɗi ke kamawa sannu a hankali.

Idon da aka rufe ba ya ganin baƙi ƙirin. Toka-toka yake gani, da ɗige-ɗigen haske da wani abu kamar hazo yana motsi, domin ƙwayoyin gani ba sa yin shiru gaba ɗaya ko a cikin duhu. Wani masanin aikin jiki Bajamushe, Johannes Müller, ya rubuta a 1826 yadda wannan hazon ke rikiɗa masa kafin barci ya zama fuskoki da dabbobi da ɗakuna, kuma ya ce ba ya iya sa su zo ko su canja yadda yake so. Shahararren marubucin Jamus, Goethe, ya ba da nasa labarin da ya fi burge ni: yakan rufe ido ya sunkuyar da kai ya suranta fure, sai furen ya ƙi tsayawa yadda ya ajiye shi, ya buɗe, wasu furanni su yi ta fitowa daga cikinsa. Irin nasa ne, amma tsiron ba da izininsa yake fita ba. A nan ne daidai mahaɗar take, inda abin da ka fara da nufinka ya ci gaba da kansa.

Kafin fuskoki su bayyana, mutane da yawa zane-zane suke fara gani. Heinrich Klüver, a 1926, ya lura cewa ire-iren waɗannan zane sukan faɗa gida huɗu: raga ko saƙar zuma, saƙar gizo-gizo, rami mai zurfi kamar ana leƙa rijiya, da murɗaɗɗen zane irin na bayan dodon koɗi. Su ne dai ake gani a wani nau'in ciwon kai na ɓari ɗaya da kuma zazzaɓi mai zafi. A 1979 Bard Ermentrout da Jack Cowan suka nuna ta hanyar lissafi cewa tsarin jeruwar ƙwayoyin sashen gani ne ke haifar da su idan sashen ya fara kaɗawa da kansa. Wato mai gyangyaɗi, a matakin farko, saƙar ƙwaƙwalwarsa yake kallo. Sunan da Turawa ke kiran wannan yanayi da shi, hifnagojiya, wani Bafaranshe ne, Alfred Maury, ya samar da asalinsa a 1848 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "mai jagora zuwa barci".

Kamar tashin kasuwa

Hans Berger, likita a garin Jena na Jamus, shi ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a 1924, ya buga sakamakon a 1929. Abin da ya fara gani shi ne: da mutum ya rufe ido ya natsu, sai wani kaɗawa mai tsari ya bayyana, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wanda ake kira alfa. Idan gyangyaɗi ya soma, alfa sai ta riƙa yankewa tana dawowa, har ta ɓace, wani kaɗawa mai jinkiri, teta, sau 4 zuwa 7 a daƙiƙa, ya maye gurbinta. Idanu su riƙa jujjuyawa a hankali a ƙarƙashin fata, naman wuya ya saki, kai ya rinjaya. Likitocin barci suna kiran wannan mataki N1, kuma suna karanta takardar awon ne shafi-shafi, kowane shafi daƙiƙa 30. Wani mai bincike a jami'ar Hiroshima ta Japan, Tadao Hori, ya ga wannan ma'auni ya yi girma ga abin da ke canjawa cikin ƙiftawa da bismilla, sai ya tsaga shigar barci zuwa ƙananan matakai tara. Hotunan sun fi yawa a tsakiyar matakan, bayan alfa ta janye.

Abin da ya fi warware mini kullin shi ne wani bincike da aka buga a 2010 daga birnin Lyon na Faransa, wanda Michel Magnin ya jagoranta. Masu farfaɗiya ne da aka sanya wa siraran wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa don shirin tiyata, sai aka samu damar sauraron sassa daban-daban a lokaci guda. Aka ga talamus, tashar da saƙon ido da kunne ke bi, tana riga ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta sama inda sashen gani yake, yin barci da mintuna da dama, kuma sassan ɓawon ma ba tare suke kwanciya ba. Barci yana shiga ne kamar tashin kasuwa da yamma. Masu hatsi sun ɗaure buhuna, 'yan koli suna naɗe tabarmi, amma mai shayi yanzu ma ya hura wuta. A cikin waɗannan mintuna an fara tura ƙyauren da labarin waje ke shigowa, alhali sashen gani yana farke, yana neman abin yi. Da ya rasa na waje sai ya ɗauki na gida.

Tun a 1965 David Foulkes da Gerald Vogel suka riƙa tashin mutane a daidai wannan gaɓa suna tambayar su abin da ke ransu. Daga binciken nan da wanda ya biyo bayansa suka ga mutum yana rasa abubuwa uku, yawanci bi da bi. Da farko ikon juya tunaninsa ya suɓuce masa. Sannan ya manta inda yake kwance. Daga ƙarshe ya daina sanin cewa abin da yake gani ba zahiri ba ne. Mai gyaɗar can na farkon magana ya rasa na farko kaɗai: hoton ba da izininsa ya zo ba, amma ya san ɗakinsa, ya kuma san hoto ne. Mai mafarki ya rasa duka ukun.

Wanda ya yi karatun zaure zai ga bai baƙunci wannan rarrabewa ba. Ayatul Kursiyyu ta ambaci gyangyaɗi daban, barci daban, ta kore su duka ga Allah Maɗaukaki. A hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi, domin yana iya nufin neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Wannan shi ne suɓucewar linzamin tunani, kuma mutumin yana tsaye a kan ƙafafunsa. Malaman Malikiyya kuma, a babin abubuwan da ke warware alwala, sun kasa barci gida huɗu kamar yadda yake a littafin Ishmawi: mai tsawo mai nauyi, gajere mai nauyi, gajere mara nauyi, da mai tsawo mara nauyi. Masu nauyin ne ke warwarewa. Alamar nauyin da masu sharhi suka bayar ita ce mutum ya daina jin sautin da ke kusa da shi, ko yawu ya dalalo masa, ko wani abu ya faɗi daga hannunsa bai sani ba. Ba su da na'ura, amma sun auna abin da ya dace a auna, wato ko mutum yana tare da wurin da yake.

Abin da ke faɗuwa daga hannun nan ya sake bayyana a ɗakin bincike. Ana ba da labarin Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire, yakan yi gyangyaɗi a kujera riƙe da ƙwallon ƙarfe don ƙarar faɗuwarsa ta tashe shi, kuma mai zanen nan na Sifen, Salvador Dalí, ya bayyana irin wannan dabara da mabuɗi da faranti. A 2021 Célia Lacaux da Delphine Oudiette a Faris suka gwada abin a kan mutum 103. Aka ba su wani lissafi da ke da ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba a gaya musu ba, sannan aka ba su hutun minti 20 a kishingiɗe, riƙe da wani abu mara nauyi. Cikin waɗanda suka taɓa matakin N1 na aƙalla daƙiƙa 15, kashi 83 cikin 100 sun gano hanyar daga baya. Cikin waɗanda suka zauna ido biyu, kashi 30 ne kawai. Waɗanda suka zarce zuwa barci mai ɗan nauyi kuwa ba su ci wannan riba ba. Bincike ɗaya ne a kan wasa iri ɗaya, don haka ban ɗauke shi a matsayin maganin kowace matsala ba, amma ya nuna cewa sakin linzami na ɗan lokaci yana barin tunani ya bi hanyar da ba zai bi da gangan ba.

Daga ina hotunan ke fitowa?

Wani lokaci tunanin da kake yi ne yake sa tufafi. Herbert Silberer, ɗan birnin Biyana na Ostiriya, ya ba da misali a 1909: yana kwance yana tunanin yadda zai gyara wani sakin layi mai gargada a rubutunsa, sai kawai ya ga kansa yana kankare katako kamar kafinta don ya yi sumul. Tunanin bai yanke ba, harshe ya canja, daga kalma zuwa hoto.

Sau da yawa kuma aikin wuni ne. A 2000 Robert Stickgold na jami'ar Harvard ya sa mutum 27 suka yi wasan kwamfuta na Tetris, wanda ƙananan tubala ke faɗowa daga sama ana juya su ana jerawa, na kimanin awa bakwai cikin kwana uku. Aka riƙa tashin su a farkon barci. Mutum 17 sun ce sun ga tubalan suna faɗowa. Abin lura shi ne tubalan kaɗai suke gani, babu kwamfutar, babu ɗakin, kamar dai yadda gyaɗa ke zuwa ba tare da gonar ba. Cikin mutanen akwai biyar da suka samu lahani a sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabbin abubuwan da suka faru, har ba sa tuna sun yi wasan, ba sa ma gane wanda ya koya musu. Uku daga cikinsu sun ga tubalan, ba su kuma san daga ina suke ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi: mutum ya manta wuninsa, amma idonsa bai manta ba. A hadisin da ya kasa mafarki gida uku, bushara daga Allah, da baƙantawa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke zantawa da ransa, wannan na ukun shi ne kimiyya ta fi iya kamawa ta auna.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina cewa surantawa da hotunan gyangyaɗi ba hanya ɗaya suke bi ba ta fito ne daga irin mutanen nan da suka ba Galton mamaki, waɗanda ba sa ganin komai da idon zuci. Adam Zeman, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Exeter ta Ingila, ya ba da rahoto a 2010 a kan wani dattijo da ya rasa gani da idon zuci bayan an yi masa aiki a jijiyar zuciya. Da labarin ya bazu sai mutane suka riƙa rubuto masa cewa su haka aka haife su. A 2015 ya raɗa wa yanayin suna afantasiya, bayan ya bincika mutum 21. Mafi yawansu sun ce duk da ba sa iya kiran hoto da nufinsu, hotuna suna zuwa musu da kansu, a mafarki ko a ɗan walƙiya. Da a ce mafarki surantawa ce da aka ƙara wa lagwani, wanda ba shi da fitilar ba zai ga komai ba. Na'urar yin hoton lafiyarta lau. Igiyar da nufi ke ja da ita ce babu.

Daga ɗan kallo zuwa ɗan ciki

Hoton gyangyaɗi gajere ne, daƙiƙa kaɗan, kuma kai ɗan kallo ne: fuska ta gifta, wani fili ya bayyana ya ɓace, ka ji guntuwar magana mara kai. A 2013, a Kyoto, ƙungiyar Yukiyasu Kamitani ta sa mutum uku barci a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka tashi kowannensu sau 200 ko fiye, ana tambayar abin da ya gani. Kwamfutar da aka horar da yadda ƙwaƙwalwarsu ke amsa hotuna a farke ta iya cankar nau'in abin da suka gani a gyangyaɗi, mutum ne ko gini ko mota, daidai kimanin kashi 60 cikin 100, sama da abin da dace kaɗai zai bayar. Ashe sashen da ke gane mota a titi shi ne ke aiki idan motar ta zo a gyangyaɗi.

Yawancinmu ba ma zarcewa daga nan kai tsaye zuwa dogon mafarki. Barci yakan nutsa zuwa mataki na biyu da na uku, inda abin da ake tunawa ya fi zama guntu-guntu ko babu. Sai bayan kimanin minti 90 ake shiga barcin da idanu ke gilmawa da sauri, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Chicago a 1953. Idan aka tashi mutum a cikinsa, kusan sau takwas cikin goma zai ba da labarin mafarki. A lokacin sinadaran da ke riƙe hankali a farke, irin su noradirenalin da serotonin, sun yi ƙasa matuƙa, sassan tsoro da shauƙi sun kunnu, wani yanki na sashen goshi mai bin diddigi ya lafa, naman jiki kuma an ɗaure shi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Shi ya sa za ka ga kakanka da ya rasu shekara 20 yana sayar da lemo a tashar mota, ka gaishe shi ka wuce, ko a jikinka. A nan ka zama ɗan ciki, da jiki da ƙafa da abin da kake gudu ko kake nema.

Akwai lokutan da tazarar ke gajarcewa. Barcin mafarkin nan da idanu ke gilmawa a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, don haka wanda ya koma ya kwanta bayan sallar asuba yakan faɗa mafarki mai haske nan da nan, wani lokaci yana jin yadda ɗakin ke narkewa. Masu koyon mafarki da sani wannan lokacin suke fako: su kwanta su zura wa hotunan ido ba tare da sun kama su ba, har hoton ya kewaye su, su kuwa ba su manta mafarki ne ba. An daɗe ana shakkar masu faɗin haka, sai a 1975 Keith Hearne a jami'ar Hull ya naɗi alamar da wani mai barci ya yi da idanunsa, hagu da dama, kamar yadda suka shirya tun yana farke. Stephen LaBerge ya maimaita a jami'ar Stanford ta Amurka. A 2021 ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, suka yi wa masu mafarki tambayoyi suna cikin barci, har wani ya amsa takwas a ɗebe shida da motsin ido sau biyu. Wato abubuwa ukun da ake rasawa ba a ɗaure suke da igiya ɗaya ba. Ana iya rasa ɗaki a riƙe sani.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ne ke tsorata mutane, shi ya sa ma na ga ya kamata a yi wannan bayani da Hausa. Kana gab da barci ka ji an kira sunanka sarai, ka amsa, babu kowa. Ko ka ga fuskar da ba ka sani ba ta matso. Ko ka ji kamar ka taka rami ka zabura firgigit, abin da mafi yawan mutane sun taɓa ji. Wani binciken da Maurice Ohayon ya buga a 1996, a kan mutum kusan 5,000 a Birtaniya, ya samu kashi 37 cikin 100 suna fuskantar irin waɗannan gane-gane da jiye-jiye a bakin barci. Na ga matashin da ya yi watanni yana ɓoye wannan, yana zaton taɓin hankali ne ya fara masa, alhali rashin barcin jarrabawa ne da shayi mai kauri da goro, waɗanda sinadarin kafin da ke cikinsu yake toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa.

Dannau kuma ɗaurin jikin nan ne na barcin mafarki ya riski mutum yana sane da ɗakinsa. Ido yana gani, jiki ya ƙi motsi, ƙirji ya yi nauyi, sashen tsoro yana kunne, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora siffar wani abu a bakin ƙofa ko a kan ƙirji. Wani nazari na 2011 da Brian Sharpless da Jacques Barber suka tattara ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantar sa, a tsakanin ɗalibai kuwa kashi 28. Ya fi zuwa ga mai kwanciya rigingine da wanda barcinsa ya hargitse, kuma yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Ba ina musun abin da addini ya tabbatar na gaibu ba ne, kuma addu'o'in kwanciya suna sanya natsuwar da mai wannan hali yake bukata. Abin da nake roƙo shi ne kada a tsaya nan idan alamun sun wuce haka. Wanda barci ke kayar da shi da rana ko ya ƙoshi da na dare, ko gwiwoyinsa su saki idan ya yi dariya, yana iya zama mai nakolefsi, ciwon da ke zuwa daga rasa wani sinadari mai suna oreksin, inda mutum ke faɗawa barcin mafarki cikin minti 15 da kwanciya. Ana samun sauƙinsa da magani. Wanda kuma yake jin muryoyi da rana tsaka, ido biyu, ba a bakin barci ba, shi ma likita ya kamata ya gani.

Mutanen da aka tasa daga matakin N1 da yawansu sukan rantse ba su yi barci ba, ido kawai suka rufe, kuma har zuciyarsu haka suka gaskata, tunda wani sashe nasu yana jin abin da ake yi. A kan tabarma wannan ba komai ba ne. A bayan sitiyari kuwa, direban da ya taso da daddare ya ce ya ga saniya a tsakiyar titi ya kauce, aka duba babu saniya, ya riga ya rasa biyu daga cikin ukun, ko da idonsa a buɗe yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 83 a cikin daƙiƙa uku.